Mount Vernon: gidan katako mai shigar dutse, da yadda ake zaga shi a ci moriyar tikiti

Wanda ya tsaya a ƙarshen filin ciyawar da ke yamma da gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, na Mount Vernon zai rantse ginin dutse yake kallo. Sai ya matso har saura taku biyu tsakaninsa da bango sannan zai gane katako ne. Dogayen allunan itace aka fere gefensu, aka tsaga musu layi daidai girman tubalin dutse, aka shafa fenti, tun bai bushe ba aka watsa masa yashi mai laushi. Yashin ya kama, fuskar katakon ta yi kaushi irin na sassaƙaƙƙen dutse. Washington ya fara wannan dabara tun gyaran 1758, kuma har gobe haka masu kula da gidan suke sabunta bangon. Amfaninta biyu ne: ado, da kare katako daga ruwa da rana. Inda fentin ya tsage kuwa, ruwa yana shiga ta bayan yashin, katakon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa lafiya lau. Wannan bangon shi ne darasin farko na wurin, kuma yawancin baƙi suna wuce shi suna saurin shiga layi.

Gidan yana jihar Virginia, a kan tudu a bakin kogin Potomac, kimanin kilomita 25 kudu da birnin Washington, kilomita 13 daga Alexandria. Mai mota zai bi titin George Washington Memorial Parkway har inda ya ƙare, wurin ajiye mota kyauta ne. Marar mota ya hau jirgin ƙasa na Metro, layin rawaya, ya sauka a tashar Huntington, daga nan bas mai lamba 101 ta Fairfax Connector tana kai mutum bakin ƙofa. Ana buɗewa kowace rana a shekara daga ƙarfe 9 na safe; ana rufewa ƙarfe 5 daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙarfe 4 daga Nuwamba zuwa Maris. Tikitin babba kusan dala 30 ne. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne lokacin shiga cikin gidan, domin kowane tikiti da sa'arsa. Wanda ya saya a bakin ƙofa ranar da ake cunkoso yana iya samun sa'ar da ke can yamma. A saya ta intanet tun da wuri, a zaɓi sa'ar farko-farko. Daga Maris zuwa farkon Yuni motocin 'yan makaranta suna cika wurin tun hantsi, haka ma ranar bikin haihuwar Washington a Fabrairu da ake shiga kyauta. Kusan mutum miliyan 1 ke zuwa a shekara, kuma duk ta ƙofofi ƙanana na ƙarni na 18 suke bi.

Asalin gidan ƙarami ne. Augustine Washington, mahaifin George, ya gina shi a 1734, lokacin Virginia tana ƙarƙashin sarautar Ingila. Yayan George na wajen uba, Lawrence, shi ya raɗa masa suna Mount Vernon don girmama Edward Vernon, kwamandan sojan ruwan Ingila da ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa. George ya karɓi hayar wurin daga matar yayansa a 1754, ya zama nasa dungurungum a 1761. A 1758, gab da aurensa da Martha Custis, ya ɗaga rufin ya ƙara bene. Daga 1774 ya fara ƙara sashe a kudu da sashe a arewa, yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɗauke shi shekara takwas, aikin ya ci gaba ta hanyar wasiƙu da yake aiko wa ɗan'uwansa Lund Washington daga fagen daga. A ƙarshe gidan ya kai ɗaki 21, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in mita 1,000. Tsohon ginin 1734 yana nan a tsakiya, sabon ya haɗiye shi.

Ka tsaya daga nesa ka ƙirga tagogin fuskar yamma, za ka ga ba su daidaita ba. Ƙofar tsakiya ba ta faɗa tsakiyar ba sosai, tagogin hagu da na dama tazararsu ta bambanta. Dalili shi ne matakalar bene da bangayen tsohon gidan sun riga sun kafu, dole sabon tsari ya bi su. Masu gyara ba su taɓa yunƙurin miƙe wannan karkata ba, kuma sun kyauta, domin ita ce shaidar cewa gidan tsiro ya yi sannu a hankali cikin shekara 50. A saman jan rufin akwai 'yar hasumiya mai tagogi ta 1778; in aka buɗe su a lokacin zafi, iska mai ɗumi tana fita ta sama, sanyi ya shigo ta ƙasa. Kurciyar da ke kanta ɗauke da reshen zaitun, Washington ya yi odarta daga Philadelphia a 1787. Wadda ke kan rufin yanzu kwafi ce, ta asalin an sauke ta don kada yanayi ya cinye ta.

A cikin gidan ba a ba ka jagora guda mai bin ka ɗaki-ɗaki. Layi ne yake tafiya, kowane sashe da ma'aikacin da ke tsaye yana bayani, kana wucewa yana sake farawa ga na bayanka. Duk zagayen bai fi minti 20 zuwa 25 ba. Nan ne babban raunin wurin: sau da yawa za ka iso tsakiyar bayani ka fita kafin a kai ƙarshensa. Maganinsa shi ne ka san abin da za ka duba tun kafin ka shiga, in kuma kana da tambaya ka koma gefe ka bar na baya su wuce. Ma'aikatan sun san aikinsu, suna amsawa da kyau in aka tambaye su abu takamaimai.

Babban ɗakin da Washington yake kira Sabon Ɗaki tsawonsa ya kai bene biyu, bangonsa kore, da katafariyar taga mai baka a arewa. Ka ɗaga kai ka kalli adon farin siminti na rufin: lauje, manjagara, shebur, damin alkama. Mutumin da ya jagoranci soja ya kuma yi shugabancin ƙasa sau biyu, kayan noma ya zaɓa ya sa a ɗakin da yake karɓar manyan baƙi. Daga nan sai zauren tsakiya, wanda ya ratsa gidan daga ƙofar yamma zuwa ta gabas don iskar kogi ta riƙa bi. A bangonsa, cikin ƙaramin akwatin gilashi, akwai mabuɗin kurkukun Bastille na Faransa, wanda Lafayette, hafsan sojan Faransa da ya yi yaƙi tare da shi, ya aiko wa Washington a 1790 bayan jama'ar Paris sun karya kurkukun. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, bai kai tsawon hannu ba, kuma a cikin turereniya yana da sauƙin wucewa.

Ƙaramin ɗakin cin abinci shi ne yake sa mutane ja da baya, saboda korensa mai kashe ido. Shekaru da dama an yi ta shafa wa ɗakunan nan launuka masu sanyi, bisa zaton haka mutanen da suke so. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara yanko 'yan ɓarɓashin fenti daga bango ana duba su a madubin ƙara girma, shafi bisa shafi har zuwa na zamanin Washington. Sai aka gano launin da ake zaton haka yake tun asali, tsufa ne ya kashe shi. Koren nan daga tsatsar tagulla ake samun sa, kuma yana yin duhu in ya daɗe. Man da ake kwaɓa fenti da shi ma yana komawa rawaya. A wancan zamani fenti mai ƙarfin launi tsada gare shi, saboda haka shafa shi nuna arziki ne. Wannan bincike ya canza yadda ake gyaran tsofaffin gidaje a Amurka baki ɗaya.

Ma'aunin da ake bi a duk gyaran shi ne shekarar 1799, shekarar da maigidan ya rasu. Bayan rasuwarsa an bi ɗaki-ɗaki an rubuta kayan da ke ciki don rabon gado, kuma wannan takarda, tare da rasitai da wasiƙunsa, ita ce jagorar masu shirya ɗakunan. Magada sun raba kaya sun sayar da wasu, don haka abin da za ka gani kashi uku ne: na Washington na ainihi da aka bi sawu aka dawo da su, na zamaninsa amma na wasu gidaje, da kwafin da aka ƙera. Babu alama a jikin kowane abu. Ka tambayi ma'aikacin ɗakin kai tsaye wanne ne na ainihi, zai nuna maka.

A bene na biyu, can sashen kudu, akwai ɗakin da ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799, kuma gadon na ainihi ne. Kwana biyu kafin nan ya zaga gonakinsa a kan doki cikin ƙanƙara da ruwa, ya zauna cin abinci da jiƙaƙƙun kaya. Maƙogwaronsa ya kumbura har numfashi ya gagara. Sau huɗu aka buɗe masa jijiya bisa ilimin likitancin lokacin, aka zubar da jinin da ya haura lita 2. A ɗakin, ban da Martha da likitansa James Craik da sakatarensa Tobias Lear, akwai bayi huɗu: Christopher Sheels, Caroline, Charlotte da Molly. Martha ta rufe ɗakin ta koma wani ƙarami a bene na uku, inda ta zauna har rasuwarta a 1802. Bene na uku ba ya cikin zagayen yau da kullum, sai a zagaye na musamman mai ƙarin kuɗi. Matakalar ƙunci gare ta, mai keken guragu hawa na ƙasa kaɗai zai iya gani, kuma ba a shiga da keken jarirai ko abinci.

Barandar gabas, mai ginshiƙai takwas da tsawon bene biyu, ita ce wurin da ya kamata ka zauna ka huta. An jera kujerun katako, ba mai korar ka. Ƙetaren kogin jihar Maryland ce, kuma ba za ka ga bene ko masana'anta ba, sai kurmi. Ba haka kawai abin ya kasance ba. A shekarun 1950 an yi shirin kafa ma'ajiyar mai, daga baya kuma matatar ruwan ƙazanta a wancan gefen. Frances Payne Bolton, 'yar majalisar dokokin Amurka, ta sayi filin farko da kuɗinta a 1955, aka ci gaba har aka kafa gandun Piscataway don kare abin da ido ke hange daga barandar.

Wannan baranda kuwa ta taɓa kusan faɗuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙasar gonar ta gaji, baƙi sun yi yawa, magajin ƙarshe John Augustine Washington III ba shi da kuɗin gyara. Tsofaffin sandunan jirgin ruwa aka sa aka tokare rufin barandar. Gwamnatin tarayya ta ƙi saye, jihar Virginia ma ta ƙi. Ann Pamela Cunningham, wata mata daga South Carolina mai fama da ciwon baya tun ƙuruciya, ta kafa Ƙungiyar Matan Mount Vernon a 1853, suka bi jiha-jiha suna tara kuɗi. A 1858 suka ƙulla cinikin gidan da eka 200 a kan dala 200,000, suka karɓi mabuɗi ranar 22 ga Fabrairu, 1860. Har yau ƙungiyar ce ke da wurin, kuma ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Tikiti da kanti da gudummawa ke riƙe shi. Wanda ya saba shiga gidajen tarihin tsakiyar birnin Washington kyauta, ga dalilin da ya sa nan ake biya.

Gyaran gidan katako ba ya ƙarewa. Firam ɗin gidan yana zaune ne a kan manyan katakai da aka shimfiɗa bisa harsashin bulo. Danshin ƙasa yana hawa ta bulon, katakon ya jiƙe, gara ta samu abinci. Gyare-gyaren da aka yi a baya, kowanne da kyakkyawar niyya, sun yi ta yanke ɓangaren da ya ruɓe suna cikewa, har nauyin ginin ya daina sauka inda ya kamata. Shi ya sa a 2023 aka fara babban aiki na kimanin dala miliyan 40: sabunta katakan tushe, gyara magudanan ruwa, da sa sabuwar na'urar daidaita zafi da danshi. A lokacin wannan aiki ne, a 2024, masu haƙa suka tono kwalabe 35 a ƙarƙashin daɓen ɗakin ƙasa, 29 daga ciki ba su fashe ba, cike da 'ya'yan itatuwa, har da ceri, da aka adana shekara 250 da suka wuce. Aikin ya sa an yi ta rufe ɗakuna bi da bi, don haka ka duba shafin gidan ka ga abin da ke buɗe kafin ka biya kuɗi.

Wanda ya fito daga gidan ya nufi kantin tsaraba ya ga kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ƙananan gine-ginen da ke hagu da dama su ne suka ɗauki nauyin babban. Ɗakin girki a ware yake, an haɗa shi da gidan da wata rumfa mai lanƙwasa, saboda tsoron gobara da zafi da hayaƙi. A 1798 kaɗai baƙi aƙalla 677 suka kwana a gidan. Ka tsaya a bakin ɗakin wanki ka yi lissafin ruwan da za a ɗebo, itacen da za a faskara, zannuwan da za a tafasa a goge da dutsen guga mai garwashi. Akwai ɗakin banda nama, ɗakin gishiri inda ake adana kifin da ake kamawa a Potomac da bazara, masaƙa, maƙera, da rumfar tara taki ta 1787 mai daɓen duwatsu.

Bayi ne suka yi duk wannan aiki. A 1799 mutum 317 ne ke bauta a gonaki biyar na Mount Vernon, masu faɗin kusan eka 8,000. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana shida a mako, abincinsu garin masara da busasshen kifi mai gishiri. Cikinsu 123 ne mallakar Washington. 153 na gadon Daniel Parke Custis ne, mijin Martha na farko, doka ba ta ba shi ikon 'yanta su ba. Sauran na haya ne. Wasiyyarsa ta ce a 'yanta nasa bayan rasuwar Martha, ita kuma ta sake su ranar 1 ga Janairu, 1801. Amma ɓangarorin biyu sun daɗe suna auratayya, don haka miji ya samu 'yanci, mata da 'ya'ya suka shiga rabon gadon jikokin Martha. Wasu ba su jira ba: Ona Judge ta gudu a 1796, Hercules mai dafa abinci a 1797. A ma'ajiyar gidan akwai haƙoran roba na Washington, kuma ba na katako ba ne kamar yadda ake yaɗawa: hauren dabba ne da dalma da haƙoran dabbobi da na mutane. Littafin lissafinsa na 1784 ya nuna an biya shilin 122 don haƙora tara daga bakin bayi.

Akwai sunayen da kunnen Bahaushe zai tsaya a kansu. A jerin bayi na 1774 akwai mace mai suna Fatimer da ƙaramar Fatimer. Akwai kuma kafinta Sambo Anderson, haifaffen Afirka, mai tsaga a fuska da zoben zinariya a kunne, wanda yake kiwon zuma yana sayar wa maigidan. Masanan gidan suna ƙirga waɗannan sunaye cikin alamun cewa akwai Musulmi daga Afirka ta Yamma a tsakanin bayin.

A nan akwai abin lura. Ɗakunan bayin da yawancin baƙi suke gani, masu jikin gidan shuke-shuke kusa da lambun sama, na bulo ne masu gadaje hawa biyu. Wuta ta cinye su a 1835, aka sake gina su a farkon shekarun 1950. Waɗannan na masu aiki a babban gida ne da masu sana'a. Mafi yawan bayin suna can gonakin nesa, a bukkokin gungume masu ɗaki ɗaya da daɓen ƙasa da bututun hayaƙi na itace da laka. Kwafin irin wannan bukka yana can ƙasa bakin kogi, inda mutane da yawa ba sa kaiwa. Wanda bai sauka can ba zai tafi da hoton da ya fi gaskiya kyau. Zagaye na musamman a kan rayuwar bayin yana ɗaukar kimanin awa ɗaya, kuma ya fi zagayen cikin gida ƙoshi nesa ba kusa ba.

Hanyar sauka tana bi ta kabarin Washington da Martha, ginin bulo na 1831 da aka yi bisa wasiyyarsa saboda tsohon ya lalace. A 1835 an ga 'yantattun bayinsa sun dawo suna gyara harabar kabarin, Sambo Anderson na cikinsu. Taku kaɗan daga nan, cikin itatuwa, maƙabartar bayi take, ba kabari ko ɗaya mai suna. Akwai dutsen tunawa na 1929, da wani na 1983 wanda ɗaliban zanen gini na Jami'ar Howard suka tsara. Tun 2014 masu haƙa suke cire ƙasar sama kaɗai don gano bakin kowane kabari, ba sa taɓa gawa. Wuri ne na yin shiru, kuma ya cancanci a tsaya.

Game da abinci, akwai gidan cin abinci na Mount Vernon Inn da kuma sashen abincin gaggawa a bakin ƙofa. Miyar gyaɗarsu sananniya ce. Girkin Virginia yana yawan amfani da naman alade, har cikin miya da wake, don haka mai kiyayewa ya tambaya kafin ya yi oda. Kwafin injin niƙa na 1771 mai aiki da ruwa, da na wurin dafa barasa na 1797, suna kilomita 4 daga gidan, kuma a watannin ɗumi kaɗai ake buɗe su.

Ka ware awa huɗu, ka sa takalmin tafiya, ka riƙe ruwa, musamman a Yuli da Agusta da zafi ke haɗuwa da gumi. A ƙasan tudun akwai wata masussuka mai kusurwa 16, kwafin da aka gina a 1996 na wadda Washington ya tsara a 1792. Tun shekarun 1760 ya bar noman taba ya koma alkama, saboda taba tana kashe ƙasa kuma 'yan kasuwar Landan ne ke yanka mata farashi. Matsalar alkama ita ce sussuka a fili: ruwa ya jiƙa ta, ƙasa da kashin doki su gauraya da ita. Sai ya yi rumbu mai hawa biyu. Ana shimfiɗa damin a sama, dawakai su riƙa zagayawa a kai da sassarfa, tsabar ta zube ta ratar inci ɗaya da rabi da aka bari tsakanin katakan daɓe, ta faɗa ƙasa inda za a sheƙe ta a kulle. In ka je lokacin da ake gwadawa da dawakai, ka shiga hawan ƙasa ka tsaya daga gefe, za ka ji tsabar tana zubowa kamar yayyafi. Daga nan komawa sama hawan tudu ne mai tsayi. Daga bazara zuwa kaka akwai ƙaramar motar da ke ɗauko mutane daga bakin kogi, a sauran watanni kuwa ƙafa ce.